Yadda Ake Tantance Littattafan Gudummawa Ba Tare da Gaggawa Ta Ɓata Aikin Ba

Ranar da kwalayen littattafai suka iso, kowa ƙarfinsa a cike yake. Ko tsofaffin ɗaliban makaranta ne suka haɗa, ko iyalan wani malami da ya rasu suka ce a zo a kwashe ɗakin karatunsa, ko wata ƙungiya ce ta aiko daga Abuja ko Ingila, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Matasa sun taru, an yi addu'a, an ɗauki hoto, sai wani ya zaro reza ya farke kwali goma a tashi ɗaya. Bayan 'yan makonni za ka tarar da littattafan a zube a ƙasa, ƙura ta rufe su, masu aikin sun ragu zuwa biyu, su ma biyun suna jin haushin juna: ɗaya yana cewa ɗan'uwansa ya cika nawa, ɗayan yana cewa wancan ya cika rawar kai.

Ban ga laifin mai gajen haƙuri a wannan aiki ba. Yana tuna yaran Jega ko Bunza ko Dakingari a nan jihar Kebbi da ke haɗa kai a kan littafi guda, ga kuma ɗaruruwa a rufe cikin kwali. Dole ransa ya ƙagu. Abin da ake bukata shi ne a tsara aikin yadda saurinsa zai samu wurin da zai yi amfani, natsuwar mai natsuwa ita ma ta samu nata, ba wanda ya ja wani ko ya tura shi.

Kafin a taɓa reza

A zauna a amsa tambaya uku, a rubuta amsar a takarda a liƙa a bango. Su wa za su karanta littattafan nan? A wane ɗaki za su zauna? A hannun wa makulli zai kasance? Tambayar farko ita ce uwa. Idan an ce na 'yan firamare ne, to duk wani littafin jami'a da ya fito daga kwali an san makomarsa tun kafin gardama ta tashi. Yawancin musun da ke cinye lokacin masu aikin sa-kai a kan "a ajiye ko kada a ajiye" rashin wannan takardar ce ke haifar da shi.

Sannan a duba ɗakin. A ɗaga kai a ga ko akwai tabon yoyo a rufi, a bi gindin bango a ga ko gara ta yi hanya. Kwali ba ya kwana a kan siminti ko daɓe: a jera bulo, a ɗora katako, a ɗora kwalayen a kai, a bar kamar taƙi guda tsakaninsu da bango. Wanda garinsa ke bakin fadama, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Yawuri, ya tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta shiga gidaje, ya ƙara tsawon bulonsa, ko ma ya nemi ɗaki a kan tudu. Kowane kwali a ba shi lamba da babban alƙalami, a rubuta daga ina ya zo da ranar da ya iso.

Daga nan sai doka guda wadda ita ce ginshiƙin komai: ba a buɗe kwalin da ba za a gama da shi a zaman ranar ba. Littafi a rufaffen kwali, a kan katako, zai iya jiran wata shida lafiya lau. Wanda aka zazzage aka bari a fili, mako biyu na hunturu ya isa ya canza masa kama.

Auna saurinka, ka daina kintace

Gajen haƙuri yakan fito ne daga rashin sanin girman aikin. Mutum ya dubi kwalaye ya ce Asabar biyu an gama, Asabar ta huɗu ta zo ba a ci rabi ba, sai ya fara neman mai laifi. Maganin wannan agogo ne. A zaman farko kowa ya ɗauki littafi 20 ya yi musu aikin da aka ba shi yadda ya saba, ba tsere, a duba minti nawa ya ci. Sai a yi lissafi. A misali, in shigar da littafi ɗaya a rajista da buga masa hatimi na cin minti 3, littafi 500 zai ci awa 25. Mutum ɗaya mai ba da awa biyu duk Asabar zai kai wata uku. In masu shigarwa uku ne, wata guda da 'yan kwanaki. Wannan adadin shi za a faɗa wa shugaban makaranta da mai unguwa da wanda ya ba da kyautar, a kuma ƙara mako biyu saboda biki da rasuwa da ranar kasuwa.

A zaɓi lokacin aiki da sanin yanayin ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya zaunuwa da rana. Daga hantsi zuwa kafin azahar, ko bayan la'asar zuwa dab da magariba, ya wadatar. Awa biyu tsayayyu kowane mako sun fi wuni guda na kashe kai wanda ba za a maimaita ba. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ban san wani aikin al'umma da wannan ya fi dacewa da shi kamar na ɗakin karatu ba.

Tacewar farko: lafiyar littafi kawai

Wannan a waje ake yi, a inuwa, ba a cikin ɗakin da littattafan za su zauna ba. A shimfiɗa tabarma uku. Ta farko ta masu lafiya, ta biyu ta masu bukatar gyara, ta uku ta waɗanda ake zargi da ƙwari ko laima. Kowa ya sa takunkumi, mai asma kuma a ba shi wani aikin daban.

Ɗauki littafi, riƙe shi a rufe gam, ka share samansa da busasshen tsumma ko buroshi mai laushi daga wajen ɗinki zuwa waje, don kada ƙurar ta shige tsakanin shafuka. Buɗe shi ka kaɗa shafukan sau ɗaya. Ka ga ramuka ƙanana, ko gari kamar na katako, ko kashin kyankyaso, ko ka ji warin fumfuna? Tabarma ta uku. Bango ya cire ko shafi ya yage amma komai na nan? Ta biyu. Shi ke nan. A wannan mataki ba a karatu, ba a tambayar ko littafin na da amfani. Nan ne filin mai sauri, a sakar masa mara ya yi gudunsa. Takardun da ke faɗowa daga cikin littattafai, wasiƙa ko hoto ko rasit, a tara su a ambulan a mayar wa masu kyautar, ba namu ba ne.

Na tabarma ta uku su ne gaggawa ta fi yi wa ɓarna. Duk manomin Kebbi ya san abin da ke faruwa in aka ɗura shinkafa a buhu ba ta gama bushewa ba. Haka littafi mai laima yake in aka cusa shi a kanta, kansa zai ruɓe ya kuma shafa wa maƙwabtansa. A tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke ratsawa, a sa farar takarda tsakanin shafukan da suka jiƙe ana sauyawa. Kada a shanya a rana, bango zai lanƙwashe, gam ya saki. In ya bushe sarai sai a danne shi da abu mai nauyi ya miƙe. Mai ƙwari kuwa a ɗaure shi a leda shi kaɗai, a ajiye nesa da sauran har a yanke shawara a kansa. Kwalin da aka ga gara a ciki ba ya komawa ɗaki, ko da babu komai a cikinsa.

Tacewa ta biyu: wa zai karanta wannan?

A nan ake zama. Wannan aikin na mutum biyu ne ko uku, kuma ya kamata a samu malamin makaranta a cikinsu. Mai sauri in ya shigo nan abu biyu yake yi: ko ya ajiye komai don kada a ce an ƙi kyauta, ko ya watsar da duk abin da bangonsa ya tsufa. Duka biyun asara ce.

Fara da bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu. Tsufa ba aibi ba ne ga littafin labari, waƙa, nahawu ko lissafi. Amma akwai fannonin da tsufa ke mayar da littafi mai ɓatar da yaro. Ga gwaji mai sauƙi ga littattafan labarin ƙasa da zamantakewa: buɗe taswirar Najeriya. In babu jihar Kebbi, an buga shi kafin 1991, shekarar da aka cire ta daga Sakkwato. In akwai Kebbi babu Zamfara, kafin 1996 ne, lokacin da jihohi suka cika 36. In ya ce Legas ce babban birni, ya girmi Disambar 1991. Taswirar Afirka da babu Sudan ta Kudu ta riga 2011. Irin waɗannan ba za a ba ɗalibi mai shirin jarrabawa ba, sai dai a ware ɗaya ko biyu a kantar tarihi a rubuta a jiki cewa tsohon bugu ne. Littattafan kiwon lafiya da magunguna da suka daɗe su ma a fitar da su, domin wani zai iya aiki da abin da ke ciki. Haka na koyon kwamfuta masu bayanin na'urorin da ba a ƙara gani.

Littattafan jarrabawa a duba su da manhajar yanzu. Hukumar WAEC takan sauya littattafan adabi duk bayan shekara biyar, don haka wanda aka daina yi ba a sa shi a kantar shirin jarrabawa, amma yana da kyau a kantar karatun nishaɗi. Malami mai koyar da darasin zai gane wannan da kallo ɗaya, abin da zai ɗauki wani rabin awa yana juyawa.

Na ƙasashen waje suna bukatar a buɗe a duba hotuna a karanta shafi ɗaya ko biyu. Wasu littattafan yara ne masu kyau ƙwarai, manyan haruffa, takarda mai ƙwari. Wasu kuma akwai abin da iyaye a nan ba za su lamunta ba, kuma littafi guda irin wannan in ya shiga gida a jakar yarinya zai iya sa a hana yaran unguwa gaba ɗaya zuwa ɗakin karatun. Na Faransanci kada a raina su: ana koyar da harshen a ƙananan sakandare, kuma a wajen Kamba, bakin iyakar Nijar da Benin, akwai masu nemansu. Duk wanda aka samu da Hausa, Fulfulde, Zabarmanci ko C'lela, ko ya yage, a sa shi a sahun gaba na gyara, domin su ne ba su cika zuwa a kwali ba, su ne kuma yara ke fara miƙa wa hannu.

Littattafan addini a ware musu teburi, ba tabarmar ƙasa ba. Mai ɗaukar Alƙur'ani ya kasance da alwala. Wanda ya lalace har ba ya karantuwa a kai wa liman ya faɗi yadda za a yi da shi. In an samu Littafi Mai Tsarki ko wasu littattafan Kirista alhali masu karatun wurin ba su ne ke bukata ba, a miƙa su da mutunci ga coci ko maƙwabtan da za su amfana. Abin da ba ya halatta shi ne takarda mai sunan Allah ta ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire.

Sai abu mafi tsada da kan ɓuya a kayan marigayin malami: warƙoƙin rubutun hannu, na Larabci ko ajami, a cikin gafaka ko a ɗaure da zare. Ƙasar nan ce ta Shehu Abdullahi bin Fodiyo, wanda ke kwance a Gwandu, kuma ɗalibai sun shafe zamani suna kwafar littattafansa da na sauran malamai da hannu. In ka ci karo da irin wannan, tsaya cak. Kada ka sake jera warƙoƙin yadda kake ganin ya dace, kada ka buga hatimi, kada ka liƙa komai. Naɗe su a farar takarda yadda ka same su, ka sanar da iyalan, domin wataƙila ba su san sun haɗa da shi ba. In sun amince, akwai masana a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Arewa House da ke Kaduna. Minti biyar na rawar hannu ya isa ya hargitsa abin da aka adana shekara ɗari.

Gyara, rajista da jeri

Gyara ba shi da wuya. Farin gam na kafintoci, kaɗan, a shafa da tsinke a danne ya kwana. A guji salatif, domin zafi na narkar da shi ya bar tabo ya ci takarda. A guji koko da kullun rogo, kiran kyankyaso ne.

Rajista babban littafi ne mai kaurin bango, a ja masa layuka: lamba, suna, marubuci, shekarar bugu, daga wa ya zo, ranar shigarwa. Kowane kwafi da lambarsa, ko da iri ɗaya ne guda talatin. A rubuta lambar a shafin farko, a buga hatimi a nan da kuma wani shafi na ciki da aka amince a kai, misali shafi na 21 a kowane littafi, don ko an cire bango a gane na ɗakin karatu ne. Mai waya ko kwamfuta zai iya kwafa daga baya, amma na takarda shi ne asali, ba ya jiran wuta ko caji. Wannan kujerar ta mai kyan rubutu ce, wanda ba ya gajiya da zama. Kada a tsaya a kansa.

Wajen jeri, ƙaramin ɗakin karatu ba ya bukatar dogon tsari. Tsarin Dewey, wanda aka fara tun 1876, ya raba ilimi gida goma, kowanne da lambarsa, kuma manyan gidajen sun isa. Ga bakwai daga ciki: 200 addini, 300 zamantakewa, 400 harsuna, 500 kimiyya da lissafi, 600 fasaha da noma da lafiya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Na yara kuwa launi ya fi: a liƙa 'yar takarda kore a gadon bayan na masu koyon haɗa baƙi, rawaya ga masu ɗan ƙwari, ja ga waɗanda suka iya. Manyan littattafai a kwantar, sauran a tsaye, ba a matse ba.

Zama da juna

Tunda an raba aiki, kowa ya tsaya a nasa. Mai sauri yana da ɗauko kwali, kakkaɓa, tacewar farko, buga hatimi, jeri, zuwa wurin kafinta. In ya gama kafin sauran, ba sabon kwali zai buɗe ba. A tanadar masa jerin ayyuka a bango: ja layukan rajista na gaba, yanka takardun launi, share kantoci, rubuta sunayensu. Hannunsa in yana da abin yi bakinsa ba zai sauka a kan kowa ba.

Idan kai ne mai saurin, ka kula da alamomin da ke nuna gajen haƙuri ya fara tuƙa ka: ka fara tsallake duba shekarar bugu, ka fara cewa "a dai zuba, daga baya a gyara", ka fara ƙirga na wani. Wannan "daga baya" ba ta zuwa. Tashi ka sha ruwa, ka zagaya, ko ka ɗauki littafi ɗaya ka karanta wa yaran da ke leƙe ta taga. In kuma kai ne mai natsuwar, ka sani akwai bambanci tsakanin natsuwa da shagala. Wanda ya buɗe littafi don tantancewa ya zarce da karatu har babi uku ya tare hanya. Ajiye shi gefe, ka ara in an buɗe.

Magana ma tana da hanya. Yaro ba zai ce wa dattijon da ya baro hutunsa na fansho "yi sauri" ba. Zai ce, "Baba, ko in riƙa karanto maka sunayen kana rubutawa?" Dattijo shi ma ba zai kashe wa yaro gwiwa a gaban abokansa ba. Zai ce, "Ɗana, bar wanga kwali sai mako mai zuwa, zo ka taya ni da hatimi." Matan aure da 'yan mata da ba za su iya zaman ɗakin ba, ana iya kai musu littafi ashirin gida su yi gyara ko liƙa launi a lokacin da ya yi musu, a rubuta abin da aka kai da abin da ya dawo.

Matsi daga waje shi ma yana zuwa. Mai kyauta zai bugo ya ce yana son hoton kantoci a cike kafin Juma'a. A gode masa, a tura masa hoton aikin yadda yake, tabarmi da rajista da komai, a faɗa masa adadin da aka gama da ranar da lissafi ya nuna. Yawancinsu sun fi jin daɗin wannan. Abin da za a ƙi shi ne jera littattafan da ba a shigar ba don biki, domin ranar bikin ake fara ɗauka, kuma abin da ba a rubuta ba ba a san ya fita ba.

Buɗe ƙofa tun ba a gama ba

Ba sai an gama duka za a fara ba da karatu ba, kuma wannan ne ya fi komai kwantar da hankalin mai gajen haƙuri. Da zarar littafi 100 sun bi duk matakan, a jera su a kanta ɗaya, a sa rana ɗaya a mako yara su shigo su karanta a nan. Aro zuwa gida ya jira sai an saba da fuskoki an kuma buɗe littafin aro. A fara da na yara da na Hausa. Daga abin da suke ɗauka da abin da suke tambaya za a gane wane kwali ya kamata a buɗe gaba.

Kowane zama a tsaya saura minti goma sha biyar. A mayar da komai kan katako, a rufe abin da ya rage da zane, a share ɗaki, kada a bar ɓawon gyaɗa ko ragowar abinci saboda ɓera. Sai a rubuta layi uku a littafin miƙa aiki: kwali na nawa aka gama, lambar ƙarshe a rajista, me ke jiran gyara. Wanda ya zo mako mai zuwa, ko da ba ya nan yau, zai ɗora daga inda aka tsaya. Wanda shuka ko girbi ko jarrabawa ta kira shi ya faɗa a fili ya miƙa aikinsa a rubuce, kada kunya ta sa ya ɓace da makulli a aljihu.

Waɗanda aka fitar ba a barin su su taru a lungu. Na manyan makarantu a tuntuɓi ɗakunan karatu na kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko jami'ar Aliero, a tura musu jerin sunaye tukuna kafin a ɗauki mota, su zaɓi abin da suke so. Kwafin da suka yi yawa a raba wa makarantun ƙauyukan kusa, a sa shugaban makaranta ya sa hannu a takarda. Duk wata, musamman daga Yuni zuwa Satumba, mutum ɗaya ya janye kantoci ya duba bayansu da ƙarƙashinsu da tocila.